Yadda ake riƙe duti a gidan ruwa, daga bakin kogi har ruwa ya kama hanyar gari

Wannan bayani na sabon ofareta ne da aka tura matatar da ke ɗebo ruwa daga kogi ko dam, irin su Tamburawa da Challawa a Kano, ko Malali a Kaduna, ko Goudel a Yamai. Girmansu ya bambanta, injunansu ma ba iri ɗaya ba ne, amma hanyar da ruwa yake bi duk ɗaya ce: a jawo shi daga kogi, a zuba masa alif laka ta dunƙule, a bar ta ta kwanta, a tace shi da yashi, a sa kulorin, a tara a babban tanki, sannan a tura gari.

Abin da ya kamata ya fara zama a kanka shi ne, kogi ba ya kwana da hali ɗaya. Ma'aunin alif da ya yi aiki jiya da yamma yana iya zama ɓarna yau da asuba idan an sha ruwan sama a can sama da ku. Don haka duk abin da za ka zuba, ka auna kafin ka zuba, ka sake aunawa bayan ka zuba, ka rubuta.

Kayan da za ka tanada

Na jikinka: takalmin roba mai tsawo, safar hannu ta roba mai kauri, tabarau mai rufe ido ta kowane gefe, takunkumin hana shaƙar ƙura, da tocila mai kyau. Idan gidanku da iskar kulorin ta silinda yake aiki, dole a sami abin rufe fuska na musamman da aka yi domin kulorin, a rataye shi a wajen ɗakin, ba a ciki ba. Takunkumin yadi ba ya tare kulorin ko kaɗan.

Na gwaji: na'urar auna laka a ruwa, wadda take ba da lamba da ake kira NTU, ƙaramin akwatin gwada launi da ƙwayoyin DPD lamba 1 na auna ragowar kulorin, abin auna pH (lambar da ke nuna tsamin ruwa, tana sauka idan tsami ya ƙaru), ko na'ura ko ƙwayoyin da ke sauya launi, kwalabe shida masu faɗin baki, kowace tana cin lita ɗaya, sirinji na mililita 5 da na 10, sikeli mai auna giram, jok mai lambobi a jiki, agogo.

Na inji: sifana, giris da abin matsa shi, tsumma, fakin na ko-ta-kwana (igiyar da ake cusawa a zagayen shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, don rage yoyon ruwa).

Sai littafin duti da biro. Kada ka raina wannan littafi, ranar da aka sami matsala a gari shi kaɗai ne shaidarka.

1. Karɓar duti

Ka iso da kamar minti ashirin kafin lokaci. Karanta abin da na gabanka ya rubuta tun daga farkon dutinsa: nawa laka take a ɗanyen ruwa, nawa yake zuba alif, wace filta (tankin yashin da ke tace ruwa) aka wanke da wane lokaci, wane inji aka kashe da dalilin kashe shi, sau nawa aka ɗauke wuta. Daga nan ku zaga tare, ƙafa da ƙafa, daga bakin kogi zuwa ɗakin manyan injuna. Kada ka sa hannu a littafi kana ofis. Leƙa tankin alif da na kulorin da idonka, ƙirga buhunan da suka rage a sito, dubi man janareta. Abin da ka gani ya saɓa da abin da aka rubuta, ku gyara shi a nan take kafin abokin aikinka ya tafi.

2. Bakin kogi

Dubi tsayin ruwa a sandar awo ka rubuta. Kwashe abin da ya taru a jikin ragar ƙarfe: leda, kara, kainuwa, reshen itace. Raga idan ta toshe, injin jawo ruwa zai riƙa ja da ƙyar, ruwa ya ragu, injin ya fara ƙara kamar yana tauna tsakuwa. Da bazara, lokacin da kogi ya janye, ka kula da ɗan guguwar da ruwa ke yi a saman bakin bututu, alama ce ta cewa iska ta fara shiga. Rage buɗin bawul, ko ka kashe inji ɗaya.

Ka kuma yi amfani da ido da hanci. Mai yana yawo a sama, matattun kifi da yawa, launi ko wari da ba ka saba da shi ba, musamman inda akwai masana'antu ko majema a sama da ku: tsayar da jan ruwa, ka kira shugabanka. Alif da kulorin ba sa cire guba.

Ɗebi ɗanyen ruwa a bokiti mai tsabta, ka auna laka da pH. Wannan ruwan za ka kai ɗakin gwaji.

3. Gwajin kwalabe, inda ake gane ma'aunin alif

Alif, wanda wasu ke kira alam ko alimun, aikinsa shi ne ya sa ƙananan ƙwayoyin laka da ba sa kwanciya da kansu su manne da juna su zama gudaji masu nauyi. Idan ya yi kaɗan, gudaji ba za su haɗu ba. Idan ya yi yawa, pH zai faɗi, gudajin su zama marasa nauyi suna yawo, ka yi asarar buhuna, ragowar alif ɗin kuma ta bi ruwa zuwa gari. Sababbin ma'aikata sun fi faɗawa kuskure na biyu, don suna ɗauka ƙari shi ne tsira.

Ga yadda ake gwajin. Auna giram 10 na alif, daga irin buhun da kuke amfani da shi yanzu, ka narka shi a ruwa mai tsabta har ya cika lita ɗaya. Kowace mililita ɗaya ta wannan haɗi, idan ka ɗiga ta a lita ɗaya ta ɗanyen ruwa, ta zama miligiram 10 a lita. Haɗa sabo kullum, na kwana da kwanaki ba abin dogaro ba ne.

Cika kwalabe shida da ɗanyen ruwa, lita ɗaiɗai. Sa mililita 1 a ta farko, 2 a ta biyu, haka har 6 a ta shida, wato daga miligiram 10 zuwa 60 a lita. Juya da sauri na minti ɗaya. Sai ka sassauta, juyi a hankali kamar zagaye 30 a minti, na tsawon minti 15 zuwa 20. Tsaya, ka bar su minti 30 ba tare da ka taɓa teburin ba.

Yayin juyin a hankali, zuba ido ka ga wace kwalba ce ta fara fitar da gudaji, da girmansu. Gudaji masu kyau suna kama da ɓarɓashin auduga, ruwan da ke tsakaninsu kuma garau. Idan ruwan tsakani yana nan fari-fari kamar an ɗauraye ƙwaryar nono, haɗin bai yi ba ko da akwai gudaji. Bayan sun kwanta, zuƙo ruwan sama da sirinji daga kowace kwalba, ka auna laka da pH. Wadda za ka zaɓa ita ce mafi ƙarancin alif da ta ba da ruwa mai haske. Misali, idan ta uku ta ba da NTU 4, ta huɗu ta ba da 3.5, ɗauki ta uku. Wannan ɗan bambancin bai kai kuɗin ƙarin alif ba. Idan kana son ka ƙara daidaitawa, sake gwajin da 25, 30, 35.

Idan ta shida ce ta fi kyau, ba ka kai ga ma'aunin ba tukuna, sake farawa daga 60 zuwa sama. Haka yakan faru da ruwan farkon damina, lokacin da kogi ke kwaso jar ƙasar gonaki laka ta haura ɗaruruwan NTU cikin sa'o'i kaɗan. A irin wannan rana gwaji ɗaya ba ya isa duti guda. Duk lokacin da launin kogi ya sauya, sake.

Idan kuwa duk kwalaben shida sun ƙi, dubi pH. Alif ya fi aiki tsakanin 6 da 7.5, kuma shi kansa yana saukar da pH yayin da yake aiki. Ruwan sama sabon zuba ba shi da ƙarfin riƙe pH, sai ka ga ya gangara ƙasa da 6, gudaji su ƙi haɗuwa. Maganinsa layim, wato farar hodar nan da ake jiƙawa. Fara da kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin alif ɗin, ka gwada a kwalabe kafin ka kai shi ga babban ruwa. Da hunturu kuma, sanyin ruwa yana sa gudaji jinkirin haɗuwa, sai ka ƙara wa juyin lokaci kafin ka yanke hukuncin ƙara alif.

Inda babu injin juya kwalabe, ana yi da hannu. Ku zama ku biyu ko uku, kowa da cokali ko tsinken roba mai tsabta, ku juya tare da agogo a gaba. Abin lura kawai shi ne kowace kwalba ta sami juyi iri ɗaya. Inda babu na'urar auna laka, jera kwalaben a gaban farar takarda mai rubutu, wurin da akwai haske, ka ga ta wacce rubutun ya fi fitowa. Wannan yana nuna maka wadda ta fi, amma ba ya maye gurbin lamba, don haka ka rubuta a littafi cewa da ido aka duba.

4. Mayar da sakamakon gwaji zuwa buhu da lita

Lissafin guda ɗaya ne, ka haddace shi: ma'auni a miligiram a lita, sau yawan ruwan da ke shigowa a kubik mita cikin awa, a raba da 1,000, ya ba ka kilo a awa. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce.

A ce ruwa kubik mita 500 yake shigowa a awa, gwaji ya ba ka 30. To 30 sau 500, raba da 1,000, kilo 15 ke nan a awa, kilo 120 a dutin awa takwas. Idan kuna narka buhu huɗu masu kilo 50 a tankin lita 2,000, kowace lita tana ɗauke da giram 100. Kilo 15 a awa ya zama lita 150 a awa, wato lita 2 da rabi a minti, tankin kuma zai kai ka kamar awa 13.

Yanzu je bakin bututun da alif ke zuba, tara jok na minti ɗaya cif. Idan ba ka sami lita 2 da rabi ba, gyara, ka sake tarawa. Kada ka yarda da lambar da ke jikin ƙaramin famfon zuba magani. Bututunsa yana toshewa da ƙanƙarar alif, robar cikinsa tana gajiya. Yi wannan awo sau biyu aƙalla a kowane duti.

Kurakurai uku da ake yawan yi a nan. A zuba buhu a tanki ba a juya ya narke duka ba, sai saman ya zama ruwa-ruwa, ƙasan ya yi kauri. A kashe injin jawo ruwa ɗaya a manta ba a rage alif ba. A bar alif yana ɗiga a gefen da ruwa ke kwance, alhali wurinsa shi ne daidai inda ruwa ke tafasa yana birkicewa, don a cikin daƙiƙoƙin farko yake yin aikinsa.

5. Tankunan kwantar da laka

Bayan ka sauya ma'auni, ba nan take za ka ga sakamako a ƙarshen tanki ba, yakan ɗauki awa biyu zuwa huɗu gwargwadon girmansa. Kada ka yi ta murɗa famfo kowane minti goma. Je wurin da ake juya ruwa a hankali, ɗebo a kwalba ka ɗaga ta sama: idan gudajin sun yi kama da na kwalbar da ka zaɓa, ka yi daidai, sai haƙuri.

Ruwan da ke malala daga saman tanki zuwa filta, ka nemi ya kasance ƙasa da NTU 10, idan ya sauka zuwa 5 ya fi. Ganin gudaji suna tsallakewa yana nufin ɗaya daga cikin uku: ruwan da ake turowa ya fi ƙarfin tankin, ko laka ta taru ta yi tudu a ƙasa, ko ma'aunin alif ya kauce. Buɗe bawul ɗin zubar da laka, ka tsaya a kai har abin da ke fita ya tashi daga kauri kamar kunu ya koma tsararo, sai ka rufe. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a bari sai ta cika. Laka idan ta daɗe, musamman da zafi, tana ruɓewa, ta yi kumfa, ta taso sama ɓawo-ɓawo, ta sa wa ruwa wari. Ranar da kogi ya yi muni ƙwarai har tankuna suka kasa, rage yawan ruwan da kake jawowa. Gara gari ya sami rabin ruwa mai kyau da ya sami cikakke mai laka.

6. Filta da wankinta

Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, wadda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta sa iyakar laka a NTU 5, pH kuma tsakanin 6.5 da 8.5. Amma 5 iyaka ce, ba abin nema ba. Kai ka nemi ƙasa da 1 a bakin kowace filta, domin ƙwayoyin cuta suna fakewa a jikin laka kulorin ya kasa kai musu.

Auna kowace filta ita kaɗai. Idan ka auna haɗaɗɗen ruwa kawai, filta ɗaya mai lalacewa za ta ɓuya a bayan masu kyau. Ana wanke filta idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: lakar da ke fita ta fara hawa, ko gejin toshewa ya kai iyakar da aka sa wa gidanku, galibi wajen mita 2, ko ta yi awa 24 zuwa 48 tana aiki. Wanda ya riga zuwa shi ake bi.

Kafin ka fara, tabbatar tankin ruwan wanki a cike yake, kuma filta ɗaya ake wankewa a lokaci guda. Rufe bawul ɗin shigowa. Bar ruwa ya sauka har ya rage kamar santimita 10 zuwa 15 a kan yashi, sai ka rufe bawul ɗin fita, ka buɗe na magudana. Idan akwai injin hura iska, kunna shi minti 3 zuwa 5, ka tsaya kana kallo: ya kamata duk fuskar filtar ta riƙa tafasa daidai wa daida. Inda ya yi tsit, yashin wurin ya dunƙule ko bututun ƙasa ya toshe. Inda yake tsiri da ƙarfi kamar idon ruwa, wani abu ya fashe a ƙasa. Rubuta wurin, ka sanar. Kashe iska, sannan ka buɗe ruwan wanki.

A nan ake ɓata filta. Buɗe ruwan wanki a hankali, cikin kamar minti ɗaya, ba gaba ɗaya ba. Ruwa idan ya bugo da ƙarfi daga ƙasa yana birkita tsakuwar da ke ƙarƙashin yashi, kuma idan ta birkice babu gyara sai an kwashe filtar duka an sake shimfiɗawa. Yashi ya kamata ya taso ya saki jiki, kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kaurinsa, ba har ya riƙa bin ruwa yana fita ba. Tara hannu ko ɗan kwano a magudana; idan kana samun yashi, rage. Ci gaba minti 5 zuwa 10, har ruwan ya washe ka fara hango yashi. Ba sai ya zama garau kamar na sha ba, wuce haka ɓarnar ruwa ce. Rufe a hankali kamar yadda ka buɗe.

Ruwan farko da filta ke bayarwa bayan wanki ba shi da kyau. Idan akwai bawul ɗin zubar da shi, zubar na minti 10 zuwa 20 har lamba ta sauka. Idan babu, bar filtar ta huta kamar rabin awa, sannan ka buɗe ta kaɗan-kaɗan.

Lokaci-lokaci, idan ruwa ya sauka, dubi fuskar yashin. Tsagewa, ko rabuwa da bango, ko ƙwallayen laka kamar goriba ƙanana, duk alamun wankin ba ya isa ne. Inda injin iska ya lalace, a kakkarce saman yashin da manjagara kafin a saki ruwan wanki, a tsince ƙwallayen da raga. Kada ka bar filta ta bushe da ruwa ƙasa da yashi. Idan ta faru, cika ta daga ƙasa a hankali don iska ta fita.

7. Kulorin

Kowane mataki yana iya samun rangwame na ɗan lokaci, ban da wannan. Ruwan da ba a sa wa kulorin ba ba ya fita gari, ko wa ya bugo waya. Amai da gudawa da taifot ta nan suke bi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sami ragowar kulorin aƙalla miligiram 0.5 a lita bayan ruwa ya zauna da shi minti 30, pH yana ƙasa da 8, sannan a bakin famfon mai sha kada ya gaza 0.2. Tunda yana raguwa a hanya, gidajen ruwa sukan fitar da shi da ɗan sama da haka, wajen 0.5 zuwa 1, gwargwadon nisan unguwar ƙarshe. Tambayi ɗakin gwajinku lambar da aka tsayar.

Idan da garin HTH, wato hodar kulorin, kuke aiki, duba jikin durom ɗin, ƙarfinsa yakan kasance kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. A ce kana son zuba miligiram 2 a lita a ruwan nan mai kubik mita 500: kilo 1 na kulorin a awa ke nan, idan ka raba da 0.65 ya zama HTH kilo 1 da rabi da ɗan ɗoriya. Narka kilo 15 da rabi a tankin roba mai lita 1,000, ka saki lita 100 a awa, zai yi maka awa 10. Ruwa ake fara zubawa a tanki, sannan gari, ba akasin haka ba. Juya, ka bar farin gari ya kwanta na wasu sa'o'i, ka yi amfani da ruwan sama kawai, in ba haka ba bututu zai toshe cikin dare ba ka sani ba. Shi ya sa ake son tanki biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana kwanciya.

Don sanin nawa ruwanka yake ci, cika bokiti huɗu da tataccen ruwa lita goma-goma, ɗiga mililita 1, 2, 3, 4 na wannan haɗin, juya, rufe, jira minti 30, auna. Bokitin da ya ba da ragowar da kake nema, lambarsa ita ce ma'auninka a miligiram.

Wajen awo, ɗauraye ƙaramar kwalbar sau uku da ruwan da za ka gwada, kada ka taɓa ƙwayar DPD da yatsa, ka karanta launin nan da nan a hasken rana ko farar fitila. Ga wani tarko: idan kulorin ya yi yawa ƙwarai, launin ja-ja zai bayyana ya ɓace nan take, ka zaci babu kulorin ka je ka ƙara. Ganin haka, surka samfurin da ruwan da ba shi da kulorin ka sake gwadawa. Auna kowace awa ɗaya ko biyu.

Minti 30 ɗin nan a babban tanki ake samunsa. Tankin kubik mita 500 da ake jan 500 a awa, idan a cike yake awa ɗaya ce a lissafi, a rabi kuma minti 30, a zahiri ma bai kai ba don wani ruwan yana yanke hanya daga mashiga zuwa mafita. Saboda haka kada ka bari manyan injuna su zuƙe tanki har ya sauka zuwa rabi.

HTH ba ya shiri da man dizal, giris, asid, ko tsumma mai mai. Haɗuwarsu gobara ce. Ajiye shi a inuwa, a rufe, nesa da alif. Wanda ya sha zafi da iska ƙarfinsa ya ragu, sai ka dogara da awo, ba da rubutun durom ba.

Masu silinda kuwa: mutum ɗaya ba ya canza silinda, sai biyu. Sabuwar wosha kowane canji. Buɗe bawul bai wuce zagaye ɗaya ba, ka bar sifanar a kai don rufewa da sauri. Ana neman yoyo da tururin ruwan amoniya, inda farin hayaƙi ya tashi nan ne. Kada ka watsa ruwa a wurin yoyo, yana ƙara cin ƙarfen. Iskar kulorin ta fi iskar da muke shaƙa nauyi wajen sau biyu da rabi, ƙasa take bi, don haka idan ta ɓalle ka nufi tudu, ta ɓangaren da iska ke busowa, ka kori mutane daga kwari.

Kafin ruwa ya bar gida, sake duba pH. Idan ya yi ƙasa da 6.5 zai ci bututun ƙarfe, mutane su ga jan ruwa a gida. Gyara da layim kaɗan, amma kada ya haura 8.

8. Tayar da manyan injuna

Dubi fanel ɗin wutar lantarki: layukan wuta uku su kasance kusa da juna, wajen bolt 415 a Najeriya. Idan layi ɗaya ya faɗi, kada ka tayar, motar lantarkin da ke juya injin za ta ƙone. Dubi mai ko giris a boris. Bawul ɗin shigowa a buɗe gaba ɗaya, na fita a rufe. Buɗe ɗan famfon iska da ke saman injin har ruwa ya fito ba kumfa, ka rufe. Tayar. Idan mota ta kai gudunta geji ya hau, fara buɗe bawul ɗin fita a hankali kana kallon mitar amfiya, mai nuna wutar da motar ke ja, kada ta wuce abin da ke rubuce a jikin motar. Kada inji ya wuce minti ɗaya zuwa biyu yana gudu bawul a rufe, ruwan ciki zai yi zafi.

Fakin ana son ya riƙa ɗiga, kamar ɗigo 40 zuwa 60 a minti, wannan ɗigon ne ke sanyaya shi. Mai ɗaure shi har ya bushe zai ƙona fakin ya cinye shaf. Ɗora bayan hannu a gidan boris kowace awa. Idan ba ka iya barinsa daƙiƙa biyar, zafin ya yi yawa. Giris ma idan ya yi yawa yana kawo zafi. Wajen kashewa, fara rufe bawul ɗin fita a hankali, sannan ka kashe, don kada ruwa ya dawo da duka ya fasa bututu. Duk injin da za a taɓa da hannu, a kashe babban makunninsa, a sa kwaɗo, mai aikin ya riƙe makullin a aljihunsa.

9. Idan an ɗauke wuta

Rubuta lokacin. Rufe bawul ɗin fita na manyan injuna, mayar da makunnai kan kashe. Sai ka yi sauri zuwa wurin alif da kulorin: idan da kansu suke gangarowa daga tanki, za su ci gaba da zuba a ruwan da ya tsaya, don haka rufe su. Wuta ta dawo ko janareta ya tashi, bar shi ya daidaita na 'yan mintuna, duba layuka uku, tayar da injuna ɗaya bayan ɗaya, babba a farko. Buɗe alif tare da ɗanyen ruwa, kulorin tare da tataccen ruwa. Mantuwa a wannan gaɓa ita ta fi yawan jefa ruwa marar magani cikin tanki.

Idan tsayawar ta daɗe har bututun gari suka zama fanko, ka sani sun tsotsi ruwan kwata ta wuraren da suka fashe. Tura ruwa a hankali don iska ta sami hanyar fita, ɗaga kulorin zuwa saman abin da aka yarda muku, ka sanar da masu kula da layukan gari su buɗe wuraren zubarwa har ruwan farko ya wuce.

10. Miƙa duti

Littafi ana cika shi awa-awa, ba a ƙarshen duti daga ka ba. Kowane layi ya nuna lokaci, lakar ɗanyen ruwa da ta bayan kwanciya da ta kowace filta, pH, ragowar kulorin, lita nawa alif da kulorin ke zuba a minti, tsayin ruwa a tanki, amfiya da geji na kowane inji. Awon da ba ka yi ba, bar gurbinsa ka rubuta dalili, ko ƙwayar DPD ce ta ƙare ko na'ura ce ta mutu. Lambar da aka ƙirƙira tana sa na bayanka ya zuba magani a kan ƙarya.

Kada ka bar wa mai karɓarka tankin magani da zai ƙare cikin awa ɗaya, haɗa masa sabo ya kwanta. Faɗa masa da baki filtar da ke gab da wanki, injin da ka ji sautinsa ya sauya, da yadda kogi yake tun safe. Idan HTH ko alif da ke sito bai kai na kwana bakwai ba, rubuta shi da manyan baƙaƙe, ka kuma sanar da shugaban sashe a ranar, don sayo magani a hukuma yana ɗaukar lokaci. Sannan ku zaga tare, shi ma ya gani da idonsa, ku sa hannu ku biyu.